Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Haɗejia Kan Shirin Agajin Ambaliya a Ƙauyukan Bakin Kogi

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Haɗejia,
Alhaji Adamu Abubakar Maje,
Fadar Sarki, Haɗejia, Jihar Jigawa.

Ta hannun masu girma hakimanmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Bayan gaisuwa da ban girma irin na ɗa ga uba, mu talakawanka, manoma da masunta da makiyaya na ƙauyukan bakin kogi a yankunan Auyo da Kafin Hausa da Kiri Kasamma da Guri, mun kawo kukanmu gaban Mai Martaba tun rani bai fita ba, domin maganar ambaliya idan aka bari sai ruwa ya shigo gari, babu mai natsuwar sauraron wani.

Ranka ya daɗe, kogin Haɗejia shi ne arzikinmu, daga gare shi muke samun shinkafa da alkama da kifi da ciyawar dabbobi, kuma ba mu zo ƙarar kogi ba. Amma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta sauya daga yadda kakanninmu suka san ta. Kogin da a da yakan ƙafe da rani yanzu ba ya rabuwa da ruwa, wannan kuwa shi ya ba ciyawar kachalla damar mamaye hanyoyin ruwa, yashi da laka suka taru a gindinta, har ta kai idan damina ta yi ƙarfi ruwan ba ya samun wurin wucewa zuwa Nguru da Gashuwa, sai ya bi gonaki da gidaje. A cikin kachallar nan ne kuma tsuntsaye jan-baki suke sheƙa, su cinye ɗan abin da ruwa ya rage. Mun ga ambaliyar 2012, mun ga ta 2020, sannan ta 2022 wadda ta ci rayuka sama da 600 a faɗin Najeriya ta raba fiye da mutum miliyan ɗaya da gidajensu, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi yi wa ɓarna.

Ba za mu ce ba a kawo mana agaji ba, domin yin haka butulci ne. Gwamnatin tarayya ta kawo ta hannun hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, gwamnatin jiha ta kawo ta hannun tata hukumar agajin gaggawa, SEMA, ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin jinƙai da masu hali daga cikin 'ya'yan masarauta duk sun yi abin da Allah ya hore musu. Kukanmu a kan yadda agajin yake isowa ne. Kowa da takardarsa yake zuwa. A mako guda sai a zo gari sau uku ana rubuta sunaye, kowane ayari ya rubuta nasa ya tafi, kuma babu wanda ya san abin da ɗan'uwansa ya rubuta. Sakamakon haka garin da ke bakin kwalta ya sami shinkafa da tabarma da gidan sauro sau biyu ko uku, ƙauyen da ruwa ya zagaye, wanda sai da kwalekwale ake shigarsa, ya wayi gari ko kwano ɗaya bai gani ba, alhali su ne suka fi kowa shiga uku. Mun ga ranar rabo an kira sunayen mutanen da babu wanda ya san su a garin, an tsallake matar da mijinta ya rasu ta kwana da marayu a ajin makarantar firamare. Ba mu ambaci sunan kowa ba, kuma ba don a hukunta wani muka rubuto ba. Abin da muka fahimta shi ne duk inda aka rubuta sunaye cikin gaggawa, a hannun baƙon da bai san gida-gida ba, dole mai baki ya riga mai buƙata.

Allah ya taimaki Sarki, maganin wannan yana hannun masarauta. Babu wata hukuma a ƙasar nan da ta san mutane kamar mai unguwa. Shi ya san gidan da katangarsa ta ƙasa ce, ya san tsohon da ba ya iya tafiya, ya san mai juna biyu, ya san wanda ya ci bashin taki ya zuba a fadama. Saboda haka muna roƙon Mai Martaba ya umarci hakimai da dagatai da masu unguwanni su buɗe rajista guda ɗaya ta magidanta a kowane garin da ruwa ya saba ci, a kammala ta kafin watan Yuli, a karanta ta a bainar jama'a a ƙofar dagaci tare da limamin gari da wakilan mata da na matasa, domin wanda aka manta ya ɗaga hannu, wanda aka cusa kuma a cire shi. A sa rugagen Fulani a ciki, domin sau da yawa su ake fara mantawa saboda ba a cikin gari suke ba. Idan rajistar ta tabbata, muna roƙon Sarki ya yi magana da gwamnatin jiha da shugabannin ƙananan hukumomi takwas na masarautar nan, a amince cewa duk mai kawo agaji, hukuma ce ko ƙungiya ko ɗan siyasa, da ita zai yi aiki, kuma a riƙa rubuta abin da kowane gari ya karɓa da ranar da ya karɓa, a liƙa a inda kowa zai gani.

Abu na biyu da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne sanarwa. Kowace shekara hukumar hasashen yanayi ta NiMet tana fitar da hasashen damina, hukumar kula da koguna ta NIHSA kuma tana fitar da sunayen yankunan da ake jin tsoron ambaliya, amma da Turanci ake karanta su a Abuja, kafin su iso kunnen manomi a Guri sun zama jita-jita. Ruwan da ke cin mu kuwa ba daga sama kaɗai yake saukowa ba. Yana biyowa ta Wudil, ya ratsa Ringim da Miga, kuma yana ɗaukar kwanaki kafin ya iso mu. Waɗannan kwanakin sun isa mutum ya kwashe hatsinsa daga rumbu, ya kora dabbobinsa tudu, ya fitar da iyalinsa da rana tsaka maimakon cikin dare. Muna roƙon fada ta nemi Hukumar Raya Kogunan Haɗejia da Jama'are ta riƙa sanar da ita kai tsaye duk lokacin da madatsun suka cika ko kogi ya ɗaga a Wudil, daga fada kuma saƙon ya sauka ga hakimai ta waya, ya fita ta gidajen rediyo da Hausa da Fulatanci, masu shela su zaga, limamai su faɗa bayan salla. Abin da ya sami 'yan'uwanmu na Maiduguri a watan Satumbar 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shiga gari mutane suna barci, ya isa ya nuna darajar sanarwar sa'o'i kaɗan.

Sanarwa kuma ba ta da amfani idan mutum bai san inda zai nufa ba. A ware tudun da kowane gari zai koma tun yanzu, a haƙa rijiyar burtsatse da makewayi a wurin, domin amai da gudawa da zazzaɓin cizon sauro su ne ke bin bayan ruwa. A ajiye kwalekwale da rigunan ruwa a hannun sarakunan ruwa, waɗanda suka san kogin dare da rana. Matasanmu a shirye suke su yi aikin gayya na jinga da yankan kachalla kamar yadda suka saba, buhuna da kayan aiki kawai suke nema a kan lokaci, kuma injinan yashe kogi su fara aiki da rani, ba sai ruwa ya kawo ba.

Akwai wata magana da masu kawo agaji ba su cika lura da ita ba. Buhun shinkafa yana ƙarewa cikin makonni, manomin da ruwa ya cinye gonarsa kuwa shekara guda ya rasa. Abin da ke tayar da shi shi ne noman rani. Idan iri da taki da injin ban ruwa suka iso hannunsa a watan Oktoba ko farkon Nuwamba, zai shuka alkama a kan kari, ya ci da kansa, ya biya bashi. Idan suka iso bayan sanyi ya wuce, sai dai ya sayar da su a kasuwa da araha, matasan gidan kuma su tafi ci-rani. Muna roƙon a ɗauki tallafin noman rani a matsayin wani ɓangare na agajin gaggawa, a tsara shi tare da na abinci, da rajista ɗaya.

A ƙarshe muna neman alfarmar Mai Martaba ya kira zama a fada kafin saukar ruwan farko, wanda zai haɗa hakimai da jami'an hukumomin da muka ambata da wakilanmu, a fito da sunan wanda za a kira a kowace gunduma idan ruwa ya taso da dare, da lambar wayarsa. Wakilanmu a shirye suke su amsa kira duk ranar da fada ta sa.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya, ya tsare masarautar Haɗejia da jama'arta.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Wakilan manoma, masunta, makiyaya da mata na ƙauyukan bakin kogin Haɗejia.