Wanda Ya Ce "Ban Sani Ba" Bai Fita Daga Mutanen Kirki Ba

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda muke mu'amala da matasanmu masu cewa ba su da tabbas game da samuwar Ubangiji.

Akwai wani ɗalibi da ya yi shekara uku yana haya a gidana da ke Samaru. Wani dare muna zaune a tabarma a ƙofar gida na tambaye shi abin da ya hana shi zuwa masallaci, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ni ban ce babu Allah ba, amma ba zan iya rantsewa cewa na sani ba." Raina ya ɓaci har na yi niyyar ba shi wa'adin tashi. To amma yaron nan ne, ranar da naƙuda ta zo wa matar maƙwabcinmu da gardama da tsakar dare, ya nemo mai Keke Napep ya raka su asibitin Shika, ya ba da jininsa leda guda, ya dawo da asuba bai faɗa wa kowa ba, sai daga bakin mijin muka ji.

Ra'ayin yaron nan yana da suna. Masanin halittu ɗan Ingila, Thomas Huxley, shi ne ya ƙirƙiro kalmar agnostik a 1869 daga Girkanci, ma'anarta rashin sani, masana Larabci kuma suna ce masa la'adriyya. Ya bambanta da ra'ayin wanda ya yanke hukuncin cewa babu Mahalicci. Ni Musulmi ne, ban yarda da la'adriyya ba, kuma na faɗa wa yaron haka ido da ido. Abin da na ƙi shi ne a mayar da duk wanda shakka ta kama ɗan iska, alhali idan Bahaushe ya ce wane mutumin kirki ne, gaskiyarsa da riƙon amanarsa da kunyarsa da haƙurinsa yake dubawa.

Tarihin addininmu ma bai rufe ido ga alherin wanda bai yi imani ba. Muɗ'im ɗan Adiyyu bai musulunta ba, amma shi ne ya ba Manzon Allah (SAW) kariya da ya dawo daga Ɗa'ifa, shi da 'ya'yansa suna rataye da makamai, kuma Bukhari ya ruwaito cewa bayan Badar Annabi ya ce da Muɗ'im yana raye ya nemi alfarmar fursunonin, da ya sake masa su. Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, jagoran da aka amince wa a hanyar hijira, a kan addinin Ƙuraishawa yake a lokacin. Imam Gazali da kansa ya ba da labarin shakkar da ta riƙe shi kusan wata biyu kafin Allah ya yaye masa.

Na taɓa tambayar yaron abin da zai hana shi cin amana idan ya tabbata ba mai gani, ya ce ba zai yi wa wani abin da ba ya so a yi masa ba. A ganina wannan ginshiƙi bai kai tsoron Allah ƙarfi ba, domin kunyar kai tana iya gajiya ranar da yunwa ta matsa. Sai dai ya mayar mini da wata magana da ta kashe mini jiki: ya ce tun yana ƙarami yake ganin masu tsayawa a sahun gaba suna tauye mudu suna cin gadon marayu, kuma da ya fara tambaya, tsawa aka daka masa.

Saboda haka ina kira ga malamanmu na Zazzau, na zaure da na jami'a, su ware lokacin da matashi zai kawo irin wannan tambaya a asirce, a amsa masa da hujja ba tare da an tona masa asiri ba. Yaron ya gama karatu ya koma garinsu bara, kuma har yau nakan sa shi cikin addu'a bayan sallar asuba.

Naku,
Wani malamin makaranta mai ritaya,
Samaru, Zariya.