Jerin Katun Goma da Kuka Buga Na Amurka Ne, Ba Na Duniya Ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan jerin da kuka kawo a shafin nishaɗi, wanda kuka ce shi ne na fina-finan katun goma da suka fi kowanne a duniya. Sana'ata ce ta hana ni yin shiru. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da shagon tura fina-finai a waya a nan Katsina, kuma kusan kullum bayan sallar la'asar benci na yana cika da yara, wani da memori a tafin hannu, wani da wayar mahaifiyarsa. Babu katun ɗin da nake tura wa ɗan mutane sai na zauna na kalle shi daga farko har ƙarshe, domin amana ce. Da haka na kalli abin da ba zan iya ƙirgawa ba.

Da na ga jerin nan take na gane shi. Cibiyar Fina-finai ta Amurka ce ta fitar da shi a 2008. Snow White ne a sama, sai Pinocchio, Bambi, The Lion King, Fantasia, Toy Story, Beauty and the Beast, Shrek, Cinderella da Finding Nemo. Ka duba da kyau, bakwai na Disney ne, biyu na Pixar, wanda Disney ta saye tun 2006. Shrek kaɗai ya fito daga wani gida. Ban ga laifin cibiyar ba, don tun farko fina-finan ƙasarsu kawai suka ce za su auna, kuma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Inda gizo ke saƙar shi ne kalmar "duniya" da aka liƙa masa a jaridarku. Yaron da ya karanta zai ɗauka babu wanda ya taɓa riƙe alƙalamin zane a wajen Amurka.

Hujjar da ake ba Snow White ita ce shi ne na farko, ya fito a 1937. Ina girmama aikin, kowane motsi da hannu aka zana shi. Amma idan tsufa ne ma'auni, akwai wanda ya girme shi da shekara goma sha ɗaya. A 1926 wata Bajamushiya, Lotte Reiniger, ta fitar da dogon fim a kan Yarima Ahmad, wanda ta ɗauko daga Dare Dubu da Ɗaya. Da almakashi ta yanka mutanenta daga kwali, ta shimfiɗa su a kan gilashi mai haske daga ƙasa, tana gusa su kaɗan-kaɗan ana ɗaukar hoto, har shekara uku. Shi ne dogon fim ɗin zane mafi tsufa da ya rage a hannun mutane yau. Su Fantasia da Cinderella kuwa, gaskiya ban taɓa samun yaron da ya dawo ya ce in sake tura masa su ba. Shrek ma, wanda ya fara cin kyautar Oscar ta katun da aka soma bayarwa a 2002, rabin dariyarsa zolayar tatsuniyoyin Turawa ce, wanda bai san tatsuniyoyin ba zai ga ƙaton dodo kore da jaki mai surutu ne kawai.

Amma ba don waɗannan na ɗauki biro ba. Na rubuto ne saboda fim ɗaya da ba ya cikin jerinku, wato Grave of the Fireflies na Isao Takahata, wanda kamfanin Ghibli na Japan ya fitar a 1988. A wurina shi ne na ɗaya, kuma zan gaya maka yadda aka yi na tabbatar.

Wani dare a lokacin sanyi na kunna shi a gida don in duba ko ya dace da yara. Mahaifiyata tana gefe a kan tabarma tana ɓare gyaɗa. Ita ba ta kallon katun, takan ce wasan yara ne, kuma ba ta jin Japananci balle rubutun Turancin da ke ƙasa. Labarin wani yaro ne, Seita, ɗan shekara 14, da ƙanwarsa Setsuko 'yar shekara 4, a birnin Kobe a 1945, lokacin da jiragen Amurka ke zuba wa garin wuta. Uwarsu ta ƙone ta rasu, ubansu yana wurin yaƙi a teku. Suka koma hannun wata gwaggonsu. Da abinci ya fara ƙaranci sai gwaggon ta sauya fuska, ta sayar da tufafin uwarsu aka sayi shinkafa, tana zuba wa mutanen gidanta mai kauri, su kuwa ruwa-ruwa, ga gori a kai. Yaron ya yi zuciya ya ɗauki ƙanwarsa suka tare a wani kogon ɓuya a bakin tafki. Da dare sukan kama maƙesu, ƙwarin nan masu ƙyalli, su sake su cikin gidan sauro don su ga haske. Da safe, da ƙwarin suka mutu, yarinyar ta haƙa rami ta binne su.

Ban lura da lokacin da Inna ta ajiye gyaɗar ba. Sai da aka zo inda yarinyar take kwance, jikinta duk ƙuraje, ta dunƙula ƙasa ta jera a gefenta tana miƙa wa yayanta wai ga tuwon shinkafa ta dafa masa, tana tsotsar ɗan dutsen wasa a zaton alewa ce, sannan na ji Inna ta ce, "Tsayar da shi, Auta." Na tsayar. Ta daɗe tana kallon fuskar yarinyar a allon. Ta ce, "Wanda ya zana wannan ya ga yunwa da idonsa. Haka idon yake komawa." A farin 1973 tana amarya a ƙauyensu can wajen iyaka, kuma a daren nan ta ba ni labarin wata 'yar maƙwabciyarsu da ban taɓa jin ta ambata ba a duk tsawon rayuwata. Da yaron ya kawo kankana ya sa wa ƙanwarsa a baki, ta yi masa godiya ta rufe ido, Inna ta ja bakin mayafinta ta rufe fuska.

Ba ta yi kuskure ba. Fim ɗin ya samo asali daga gajeren labarin Akiyuki Nosaka na 1967, wanda ƙanwarsa ta mutu da yunwa a hannunsa a ƙarshen yaƙin. Shi kansa Takahata yana yaro ya tsira daga ruwan bama-bamai.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne hukuncin da Inna ta yanke washegari. Ni na kwana ina jin haushin gwaggon. Ita kuwa cewa ta yi har da laifin yaron: "Maraya ba ya zuciya. Da ya haɗiye gorin nan, da ƙanwarsa ta rayu." Muka yi ta ja-in-ja har aka kira azahar. Daga baya na karanta cewa Takahata ya sha musanta cewa fim ɗin wa'azi ne a kan yaƙi kawai, ya ce yana so ne a ga abin da ke samun yaron da ya yanke kansa daga jama'a. Wato tsohuwar da ba ta ji kalma ɗaya ba ta kai ga abin da mai fim ɗin yake nufi kafin ni. Wannan shi ne ma'aunina, Malam Edita: zanen da zai sa ka manta zane ne, har ka tashi kana gardama a kan mutanensa kamar 'yan unguwarku.

Kada a ce ina raina masu sharhin fina-finai. Ba don su ba da ban san da wannan fim ba, domin marigayi Roger Ebert, mai sharhi na birnin Chicago, yana cikin waɗanda suka ɗaga shi, ya sa shi a sahun manyan fina-finai. Amma su ma suna da tasu makantar. Mujallar Sight and Sound ta Ingila, wadda take tambayar masana duk bayan shekara goma tun 1952, ta tattara ra'ayin mutum 1,639 a 2022. Cikin fina-finai ɗari da suka zaɓa, katun biyu kacal suka shiga, My Neighbor Totoro da Spirited Away, dukansu na Hayao Miyazaki na kamfanin Ghibli. Totoro da fim ɗin Takahata rana ɗaya aka sake su, 16 ga Afrilu 1988, gida ɗaya, a haɗe ma ake nuna su a sinima. Aka ɗauki mai sanyaya rai, aka bar mai ɗaci. A Oscar ta 2015 ma haka aka yi wa Takahata, fim ɗinsa na ƙarshe, The Tale of the Princess Kaguya, ya sha kaye a hannun Big Hero 6 na Disney. Na kalli duka biyun, kuma har gobe ban yarda da wannan alƙalanci ba. Ya rasu a 2018 bai taɓa karɓar kyautar ba.

Spirited Away ba ni da ja a kansa, ya cancanci Oscar ɗin da ya ci a 2003. Yarinyar da iyayenta suka ci abincin da ba nasu ba suka rikiɗe aladu, mayya ta ƙwace mata suna ta sa ta bauta a gidan wankan aljanu, ai wannan ko kakata za ta iya ba da shi a dandali. Shi nake ba na biyu.

Inda na yaba wa alƙalan Oscar da zuciya ɗaya shi ne 2025, da suka tsallake Inside Out 2, duk da ɗimbin kuɗin da ya tara, suka ba Flow, ɗan fim daga Latbiya, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan biyu ba. An yi shi da manhajar Blender wadda kyauta ake sauke ta. Babu magana ko ɗaya a cikinsa, kyanwa ce da kare da wasu dabbobi a cikin kwalekwale, ambaliya ta cinye ƙasa. Ranar da na sa shi a shago, a karo na farko babu yaron da ya ja min riga yana cewa, "Kawu, me ya ce?" Shiru suka yi, har mai sayar da awara da ke ƙofar shagon ta leƙo ta ga ko lafiya.

The Lion King na 1994 shi ne aka fi nema a wurina, kuma ba zan hana shi haƙƙinsa ba, mutuwar Mufasa tana taɓa zuciyar babba da yaro. Sai dai Afirka ce da babu mutum ko ɗaya a cikinta. Idan Afirka mai mutane ake so, ga Kirikou na 1998, na Michel Ocelot, Bafaranshen da ya yi ƙuruciyarsa a Gini, Youssou N'Dour kuma ya yi masa kiɗa. Ƙauye ne da mayya Karaba ta ƙafar wa da ruwa ta kwashe mazansa, sai ɗan jariri ya dage da tambayar da manya suka ƙi yi: me ya sa take mugunta? Ashe ƙaya ce aka soka mata a gadon baya, inda hannunta ba ya kaiwa. Nakan gaya wa iyaye tukuna cewa an zana matan ƙauyen babu riga, wanda ya ce a'a ba na tura masa. Amma a labari, ya fi rabin abin da ke jerinku.

Akwai kuma sunan da nake jin kunyar yadda muka bari ya ɓace mana, Moustapha Alassane na Jamhuriyar Nijar, wanda ya daɗe zaune a Tawa, ya rasu a 2015. Yana cikin waɗanda suka buɗe ƙofar katun a Afirka baki ɗaya. Tun 1966 ya yi Bon Voyage Sim, ɗan gajeren fim a kan shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki ana ta faretin girmamawa. Baƙi da fari ne, 'yan mintuna kaɗan, amma duk wanda ya taɓa tsayuwa a rana yana jiran wucewar manya zai gane abin da ake faɗa. Tsakaninmu da Tawa ba wata tafiya ba ce, amma da na tambayi samarin da ke zama a shagona, cikinsu har da masu koyon zane a kwamfuta, babu wanda ya taɓa jin sunansa. Dukansu sun san Walt Disney.

Saboda haka roƙona biyu ne. Idan za ku sake kawo jeri irin wannan, ku faɗi wanda ya tsara shi, da shekarar, da fina-finan da ya yarda su shiga gasar, don mai karatu ya san awon da aka yi amfani da shi. Na biyu, ku ware shafi guda ku ba da tarihin Alassane da hotunan kwaɗinsa. Ni kuma zan yanke shafin in manna shi a bangon shago, daidai saitin bencin da yaran suke zama.

Na gode da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jaridarmu albarka.

Naku,
Mai shagon tura fina-finai,
Katsina.