Rahoton ayyukan shekara: mun kama Andromeda, galaksin bazara sun wuce mu

Assalamu alaikum wa rahmatullah, dattawanmu, malamai, ƴan uwa maza da mata.

Ga rahoton ayyukan ƙungiyarmu ta masu kallon taurari da ɗaukar hotonsu na shekarar da ta ƙare. Littafin ma'aji yana nan ga duk mai son dubawa, don haka ba zan sake jero lissafi ba, abin da lissafin ya jawo mana shi zan faɗa. Tarurrukan wata-wata an yi su, ban da waɗanda suka faɗo cikin azumi da tsakiyar damina.

Kuɗin wata da maganar injin

Mafi yawan sunayen da ke cikin rajista ba su cika kuɗin shekara ba. Akwai waɗanda tun kuɗin shiga ba su ƙara ajiye ko dala ba, alhali suna cikin zauren WhatsApp, kuma su ne kan gaba wajen tambayar yaushe za a ga hoto. An bi mutane har shago, an bi su har wurin aiki, an tuna musu bayan sallar Juma'a. Wannan aiki ya gajiyar da ma'aji, ya gajiyar da ni. Wanda yake cikin rashi mun san shi, ba mu taɓa matsa masa ba. Ƙorafinmu yana kan mai hali da ya ɗauki ƙungiya abin kallo.

An yi ta maganar cewa kwamiti ya sayi babban madubin hangen nesa ya jingine shi a ɗaki. Ga amsa. Madubin nau'in Newton ne, faɗinsa milimita 200, nisan tattara haskensa milimita 1000. A kallon ido ba shi da aibi. Ɗaukar hoto kuwa wani abu ne dabam, domin sama tana juyawa digiri 15 a kowace awa, kuma a milimita 1000 tauraro yana zama zare kafin daƙiƙa ɗaya ta cika. Dole ƙafar da ke ɗauke da madubin ta sami inji mai juya ta daidai da tafiyar sama. Ko da injin, haƙoran ƙarfen da ke ciki suna ɗan gaggawa su ɗan yi jinkiri a kowane zagaye, sai an haɗa ƙaramin madubi da ƙaramar kamara a gefe suna riƙe da tauraro guda, manhajar PHD2 tana gyara kuskuren nan take. Injin, da ƙaramar kamara, da gilashin da ke gyara taurarin gefen hoto don kada su fito da wutsiya, babu ɗaya da ake samu a Kasuwar Dole. Odarsu ake yi daga waje, a biya gaba. Abin da ya taru a asusu bai isa inji shi kaɗai ba, kuma kwamiti ya ƙi cin bashi da sunan mutanen da ba sa biya. Har gobe muna kan wannan matsayi.

Abin da muka rasa a bazara

Daga Maris zuwa Mayu ne ƙananan galaksi, wato tarin taurari masu ɗimbin yawa da ke can nesa, suke cika sama da dare, kuma Damagaram tana da rabon da wasu ƙasashe ba su da shi. Muna kusa da digiri 14 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka muna ganin arewa muna ganin kudu. Galaksin M81 da M82, waɗanda haskensu ke ɗaukar shekara wajen miliyan 12 kafin ya iso mu, suna hawa kusan digiri 35 bisa ƙasa ta arewa. M104 tana wuce digiri 60. Centaurus A, wadda James Dunlop ya gano daga Ostareliya a 1826, tana kaiwa digiri 33 ta kudu, ga baƙin layin ƙura ya raba ta biyu. Mai kamara a birnin Paris ba ta ma fito masa ko kaɗan. Ita muka yi wa mambobi alkawari bara, ba mu cika ba.

Ban da rashin inji, akwai dalili biyu da ba laifin kowa ba ne. Na farko hazo. Abin da ke ƙasa da digiri 35 haskensa yana ratsa iska mai kauri kusan ninki biyu na wadda ke bisa kai, idan kuma iskar nan cike take da ƙura, galaksi sai ta narke cikin ja-ja. Na biyu zafi. Farantin da ke karɓar haske a cikin kamara yana haifar da ɗige-ɗigen ƙarya da kansa, kuma yawansu yana ninkawa duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri shida ko kusa da haka. Daren Afrilu a nan ba ya hucewa, kamarar kuma tana ƙara ɗumi da aikinta. Gwajin da aka yi da gilashin kamara mai nisan tattara haske milimita 200 ya nuna M81 da M82 ɗigo biyu masu dishi-dishi, ba abin da za a rataya a bango ba. Wanda zai sake gwadawa ya kashe allon bayan kamara, ya bar daƙiƙa 20 zuwa 30 tsakanin hoto da hoto, ya kuma jira daren da iska ta kwanta.

Allunan bin taurari

A damina, da yake gajimare ya rufe mana sama, an shirya ƙera alluna biyu masu hinji don mai ƙaramar kamara ya samu abin bin taurari da hannu. Aikin ya tsaya rabi. Ƙa'idar mai sauƙi ce: sandar ƙarfe mai zare M6 tana tafiya milimita ɗaya a kowane zagaye, idan aka huda mata rami milimita 229 daga tsakiyar hinjin, aka riƙa juya ta zagaye ɗaya a minti, allon sama zai buɗe daidai da tafiyar sama. Wasu da ba su zo ranar bayani ba sun je kasuwa sun sayo sanda mai zare M8 don ta fi ƙarfi. Zaren M8 milimita 1.25 ne, don haka allon yana gudu fiye da sama da kashi ɗaya cikin huɗu, taurari suka fito a jaye. Gyaransa bai wuce sake huda rami a milimita 286 ba. An faɗa a taro, an rubuta a zaure, allunan suna nan jibge ba wanda ya zo da nasa. A tuna kuma, sanda miƙaƙƙiya tana fara kuskure bayan kamar minti goma, sai a mayar da ita farko, kuma kada a ɗora gilashin da ya wuce milimita 50.

Daren Andromeda

Alhamdulillahi, a nan muka ga amfanin haɗa kai. Tazarar da muke da ita ta ɗaukar hoton galaksin Andromeda gajera ce: bayan ruwa ya ɗauke ya wanke sama, kafin hunturu ya taso da ƙurarsa, wato ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, kuma sai a ƙarshen watan Musulunci lokacin da babu farin wata. An zaɓi fili a wani ƙauye gaba da Mirya, inda hasken gari ya koma ɗan ja a yamma kawai. An sanar da hukuma tun da wuri. Mai gari, Allah ya ƙara masa girma, ya ba mu wuri, ya sa aka shimfiɗa tabarmi, ya kuma roƙi masu babura su bi ta bayan fili.

Kayan aikin ba su da yawa: kamarar Canon ta ɗaya daga cikin mambobi, gilashin milimita 200, da ƙaramar ƙafa mai inji ta aro, ƙirar Star Adventurer, mai ɗaukar kilo biyar, ana ba ta wuta da batirin cajin waya. Andromeda ba ta bukatar babban madubi, faɗinta a sama ya kai digiri uku, wato cikakken wata shida a jere. A babban madubinmu ma ba za ta shiga hoto ɗaya ba.

Wahalar farko ita ce saita ƙafa da tauraron arewa. A wurinmu digiri 14 kacal yake bisa ƙasa, itacen gawo ɗaya ya isa ya tare shi, shi ya sa aka kafa tun kafin magariba a inda arewa take fili. Bayan an saka shi a ƙaramin madubin ƙafar, an tabbatar ta hanyar lura da zamewa: a riƙe tauraro a tsakiyar sama ta kudu, idan ya zame kudu, bakin ƙafar da ke fuskantar tauraron arewa ya yi gabas da yawa, a koma wani tauraro can ƙasa a gabas, idan shi ma ya zame kudu, bakin ya yi ƙasa. Kaifin hoto an saita shi da faifan Bahtinov, mai tsage-tsage da ake sa wa a bakin gilashi ya mayar da tauraro layuka uku, a kan tauraro mai haske, har layin tsakiya ya zauna daidai tsakanin biyun da suka giciye, sannan aka ɗaure zoben gilashi da salatif.

An ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kamara ba ta sarrafa ba, ƙarfin karɓar haske ISO 1600, buɗewar gilashi f/4, daƙiƙa 60 kowane hoto, daga bayan isha'i har Andromeda ta wuce ƙololuwarta wajen ƙarfe goma, sama da digiri 60 ta arewa. An tara awa biyu. Dalilin yawan nan shi ne idan ana son tsabtar hoto ta ninka sau biyu, sai an ninka adadin hotuna sau huɗu. Babu wata dabarar kwamfuta da ke maye gurbin wannan. An ƙara wasu na daƙiƙa 10 saboda tsakiyar galaksin tana ƙonewa fari fat a daƙiƙa 60. Raɓa ta so ta ɓata mana aiki, don ƙasa tana da sauran danshi kuma lambunan Mirya ba su da nisa, amma ɗan madaurin ɗumama gilashi mai USB ya hana ta zama. An rufe bakin gilashi an ɗauki hotunan duhu 30, na cire ɗige-ɗigen ƙarya, da saiti iri ɗaya tun kamara ba ta huce ba. Da gari ya fara wayewa aka ɗaura farin ƙyalle, aka ɗauki hotunan fari 30 ba tare da an taɓa saitin kaifi ba. A garinmu waɗannan na fari ba a wasa da su, su ne ke cire zobban da ƙura take bari da duhun kusurwoyi.

Yayin da kamara ke aikinta, babban madubin da ake cewa an jingine shi ne ya tara jama'a. Ɗalibai, malaman allo, dattawa, mata daga gidan mai gari, kowa ya sa ido. An fara da Kaza da Ƴaƴanta, wadda duk manomi ya sani, sannan aka nuna musu ɗan farin tabon da ake gani da ido kawai a arewa, wato Andromeda. Da aka ce musu masanin taurari Abdurrahman as-Sufi ya rubuta labarinsa tun shekarar 964 ya kira shi ƙaramin gajimare, malamai suka matso. Aka ci gaba da cewa Isaac Roberts, wanda shi ma ɗan sa-kai ne kamar mu, ya ɗauki hotonsa a Ingila a 1888 har naɗe-naɗensa suka bayyana, kuma sai a 1923 Edwin Hubble ya gano wani tauraro mai ƙaruwa da raguwar haske a cikinsa, wanda ya tabbatar da cewa ba cikin galaksinmu yake ba. Nisansa shekarar haske miliyan biyu da rabi ne. Tambayoyin yaran sun kai mu har tsakar dare, akwai ƴan mata biyu da suka koyi nemo ta da kansu daga rukunin taurarin da ake kira Cassiopeia.

Haɗa hotunan an yi shi da manhajar Siril, bayan an zubar da waɗanda fitilar babur ko girgizar ƙafa ta ɓata. An cire jan hasken da ke ɓangaren yamma, aka ja haske a hankali don kada bayan hoto ya zama baƙi ƙirin. Layukan ƙura biyu sun fito sarai, ga ƙananan galaksin M32 da M110 a gefe. Ɗaukewar kuran ta katse aikin fiye da sau ɗaya, kuma kwamfutar ta cika, domin kowane RAW yana kusan megabait 25 kuma Siril tana ninka wannan sau da yawa wajen aiki. Hoton da kuke gani a ɗakin taro shi ne. Godiya ga waɗanda suka kawo mota, da ruwa, da shayi, da wanda ya ba da aron ƙafa. Abin da ya ɗan sosa mana rai, mutanen ƙauye sun fi mambobinmu yawa a wurin nesa ba kusa ba, kuma fuskokin da suka ɗauki kaya su ne dai waɗanda ke biyan kuɗi.

Abin da ke gabanmu

Kwamiti ya kawo shawara uku a kaɗa musu ƙuri'a. Duk abin da ya shigo asusu a ware shi don inji har ya cika, kada a taɓa shi don wani buki. Aron kaya ya tsaya kan wanda ya biya, a rubuce, da ranar dawowa. Wanda ya cika shekara bai biya ba, bai kuma zo ya yi bayani ba, a ɗauke sunansa daga rajista. Idan muna son Centaurus A a bazara mai zuwa, dole a aika odar kafin ƙarshen Janairu, domin kaya suna daɗewa a hanya, kuma ana bukatar dare da yawa na koyon PHD2 kafin Afrilu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kafin nan, kada kowa ya goge fuskar babban madubi da rawani ko hankici. Yashi yana karce shi, a hura da robar hura iska kawai, a rufe bakinsa gaba da baya. Saitin ƙaramin madubin da ke ciki ya goce a hanyar dawowa daga Mirya, za a gyara shi a taro mai zuwa, mai son koyo ya zo da wuri. Wanda zoben haɗa kamara da madubi da katin ajiyar hotuna na ƙungiya suke hannunsa tun daren Andromeda, ya kawo su ga ma'aji kafin Alhamis.

Wassalam.
Magatakardan ƙungiya, Damagaram