Wasiƙa Zuwa Ga Baba Kan Aikin Da Nake Yi A Jamus

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kuna lafiya tare da Inna da ƙannena. Kun nemi in bayyana muku abin da nake bincike a kai, ga shi gwargwadon yadda takarda za ta ɗauka.

A cikin kowace ƙwayar halitta ta jikinmu akwai wani dangi na furotin da masana suka sa wa suna AAA+ a shekarar 1999. Aikinsu warware wasu furotin ne da sauya musu siffa, kuma ba sa yin haka sai sun ƙona makamashin da ake kira ATP. Yawancinsu guda shida ne suke haɗuwa su yi zobe mai rami a tsakiya, sai su kama bakin furotin da ya lalace ko ya cukurkuɗe, su riƙa zaro shi ta ramin kamar mutum shida da ke karɓa-karɓar igiyar guga, na ƙasa yana saki yana komawa sama ya sake kamawa. Ba a ga wannan tsari sarai ba sai da aka inganta dabarar daskarar da furotin a ɗauki hotonsa da madubin lantarki mai ƙara girman ƙananan abubuwa, dabarar da ta jawo wa mutum uku kyautar Nobel a 2017.

Ɗaya daga cikin wannan dangi na furotin, mai suna NSF, yana kwance furotin da suka liƙe bayan jijiya ta aika saƙo, domin a sake amfani da su. Amma wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne p97, mai fizgo lalatattun furotin ya miƙa su inda za a niƙe su. Idan mutum ya gaji tangarɗa a ƙwayar gadon da ke samar da p97, tsoka takan shanye sannu a hankali, ƙashi ya yi rauni, wasu kuma ƙwaƙwalwarsu ta taɓu tun ba su tsufa ba, kuma har yanzu babu maganin da ke warkar da cutar. Wannan ne yake hana ni gajiya da aikin, Baba, domin sai an fahimci yadda zoben yake ja kafin a san inda za a gyara.

Ina roƙon ku ci gaba da sa ni a addu'a. A gaishe da Inna da kowa da kowa.

Wassalam,
Ɗanku