A ba Bessie Coleman shafi guda

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana a kan wata baiwar Allah da na daɗe ina son 'yan matanmu su ji labarinta, wato Bessie Coleman, mace ta farko cikin baƙaƙen fatar Amurka da ta samu lasisin tuƙa jirgin sama.

An haife ta a 1892 a jihar Texas, a gidan talaka mai 'ya'ya goma sha uku, ta tashi tana tsinkar auduga. Da ta koma Chicago ta kama gyaran farce a shagon aski. Ta nemi makarantar koyon tuƙin jirgi, duk ƙofar da ta ƙwanƙwasa aka ƙi buɗe mata: ga ta mace, ga ta baƙa. Wanda ya ce mata ta tafi Faransa kuwa abokin sana'arka ne, Robert Abbott, mai jaridar Chicago Defender. Ta duƙufa ta koyi Faransanci, ta ƙetare teku a 1920, ta shiga makarantar Caudron a Le Crotoy, ranar 15 ga Yuni 1921 ta karɓi lasisinta. Sai bayan shekara huɗu jirgin sama ya fara sauka a Kano.

Da ta dawo gida ba mai ɗaukar ta aiki, sai wasa da jirgi a gaban 'yan kallo. Jirgin na katako ne da yadi, kan matuƙi a waje iska na dukansa. Ta lula sama, ta yi alkafura, ta sulalo ƙasa kamar shirwa ta hango ɗan tsako, sai an sadaƙar ta cira. A 1923 ta faɗo a California, ta karye a ƙafa da haƙarƙari uku. Tana warkewa ta koma.

Amma ni ba alkafurar ce ta fi taɓa ni ba. A Waxahachie, garin da ta girma, an shirya wa farare ƙofarsu, baƙaƙe tasu. Ta ce in ba ta ƙofa ɗaya kowa zai shiga ba, ba za ta tashi ba. Aka bi maganarta, ko da yake a ciki an raba wurin zama. Mai neman na abinci ce fa ta ɗora abincinta a kan wannan sharaɗi. Kuɗin kuma tara su take don ta buɗe wa baƙaƙen fata makarantar tuƙin jirgi.

Rai bai kai ta ba. Ranar 30 ga Afrilu 1926, a Jacksonville, tana zaune ba ta ɗaura bel ba don ta leƙa filin da za ta dira da laima washegari, sai wata sufana da aka manta a jirgin ta maƙale a kayan sarrafa shi. Ya kife, ta faɗo ta rasu tana da shekara 34, makanikenta da ke tuƙi shi ma bai tsira ba. A 1929 wani baƙar fata mai suna William Powell ya buɗe makarantar da sunanta a Los Angeles.

Mu a nan Zariya kwalejin koyon tuƙin jirgi na tsakiyarmu tun 1964, amma ɗalibaina mata na ganin ta 'ya'yan wasu ce. Roƙona shi ne ku buga tarihin matar nan da Hausa, ku haɗa da bayanin takardun da kwalejin ke nema, da kuɗin makaranta, da inda ake neman tallafin karatu.

Naka,
Wani malamin sakandare, Zariya