Zuwa ga aminina a Jidda: injin Hilux ɗinmu ya buga

Kano, daren Laraba.

Assalamu alaikum, Alhajina.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya zafin Jidda? Mutanen gida duk lafiya lau. Na leƙa wajen Hajiya ranar Juma'a, ƙafar ta yi sauƙi, har da kanta ta fito ta ba ni fura. Ta ce in gaya maka turaren ya iso.

Na san ka ga kirana biyu ranar Asabar ka kira ban ɗauka ba. Da gangan na yi, don maganar ba ta minti biyu a waya ba ce, kuma da kuɗinka a ciki kamar yadda da nawa. Injin motarmu ya buga.

Daga Tudun Wada na taso da masara zan kai Dawanau. Na wuce Kwanar Dangora kaɗan sai na ga fitilar baƙin mai ta ɗan yi ƙyaf ta ɗauke. Ka san halin ɗan Adam, na ce a raina wayar ce ta saki, bari in ƙarasa Kura in duba. Ban yi kilomita biyar ba na fara jin ƙwas-ƙwas-ƙwas daga ƙasan injin, kamar ana buga guduma a cikin tukunya. Na gangara gefe na kashe. Na zaro sandar awon mai, ga mai nan cike har layinsa. Wannan ya fi ɗaure min kai: mai bai ƙare ba, ruwan lagireto bai tafasa ba, to me ya kawo bugu? Sai da aka sauke buhunan a wata a-kori-kura, janwe ya ja mu zuwa gareji bayan isha'i.

Washegari bakanikenmu ya kwance kaskon mai a gabana. Wallahi da ka ga abin da ke ciki da ka riƙe baki. Rariyar nan da famfon ke zuƙo mai ta cikinta ta toshe ɗam da wani baƙin abu kamar dakakken gawayi da aka kwaɓa da kwalta. Ya sa sukundireba yana ƙanƙarowa yana zuba min a tafin hannu. A ƙasan kaskon kuma wasu 'yan ɓarɓashin ƙarfe suna ta ƙyalli. Metal ɗin fistan na uku, wato 'yar shimfiɗar ƙarfen da ke tsakanin sandar fistan da karanshaf, ya narke ya juya a mazauninsa, ya zana karanshaf ɗin, babban ƙarfen da fistoci ke juyawa.

Ga yadda ya bayyana min. Wannan injin namu, 2KD mai lita 2.5, nozul ɗinsa, masu fesa gas cikin silinda, a ƙarƙashin murfin saman inji suke, inda mai ke yawo. A gindin kowace nozul akwai 'yar washa ta jan ƙarfe da ke tare wutar silinda. Idan washar ta saki, hucin wuta yana tsartowa sama ya dinga dafa baƙin mai a hankali, man ya zama gawayi, gawayin ya gangara kasko ya toshe rariya. Mai yana nan a kasko amma ba ya hawa, inji yana ta gudu da ƙishirwa. Ka tuna bara da wani ya cire mana nozul ya wanke lokacin da motar ke hayaƙi? Tsofaffin washa ya mayar. Abin da bai kai kuɗin cefanen kwana biyu ba, shi ya ci inji. Ni ma da laifina, na daɗe ina jin wani fis-fis da safe idan na tayar da ita, na ɗauka halin tsufa ne.

To yanzu sai maganar mafita, kuma kowa na haɗu da shi da tasa fatawar.

Mafi yawan mutane cewa suke kar in ɓata lokaci, in je Kofar Ruwa in ɗauko injin Beljiyam a ɗora, kwana uku motar ta koma hanya. Na je, kwana biyu ina zagaye. Abin da na fara lura shi ne na gas irin namu ba shi da yawa, don yawancin Hilux ɗin ƙasar nan na fetur ne. Na samu guda biyu. Ɗaya an wanke shi tas har yana sheƙi, abin da ya sa ma na ƙi shi ke nan, don injin da ya fito daga kwantena ba ya zuwa da wanka. Ɗayan da ƙurarsa da komai, mai shi ya ce zai ba ni mako guda in gwada, idan bai yi ba in dawo da shi a canza min, ba a mayar da kuɗi. Na ce a bar bakanikena ya kwance kasko mu ga rariya kafin in biya, ya ce in an kwance ko ƙusa ɗaya na saya. Ban ga laifinsa ba, ƙa'idar kasuwarsa ce, amma ni a wurina cinikin biri a sama ne. Ciwon da ya kashe namu ba ya nuna kansa a mako guda, kuma wancan ma irin washar ce a cikinsa. Ba wanda ya san kilomita nawa ya yi a ƙasarsu. Wani ya ce in aika Ladipo a Legas, can an fi samun zaɓi. Haka ne, sai dai idan ya iso Kano ya ƙi, kuɗin mayar da shi kaɗai ya isa ya sa ka haƙura. Farashin kuwa, tun da aka saki naira a 2023 duk abin da ya hau jirgin ruwa da dala ake lissafa shi. Abin da aka faɗa min ya kusa ninka kuɗin gyara.

Sabon inji daga kamfani ban ma tsaya tambaya sosai ba. Motar 2010 ba a yi mata wannan hidimar.

Sai masu cewa a canza mata jini gaba ɗaya. Wani tsohon direba a gareji ya rantse min da 5L, injin nan mai lita 3 marar tobo. Ya ce wanda ke da tsohon famfo ba ruwansa da kwamfuta, ko gas ɗin bakin hanya aka zuba masa zai haɗiye, kuma duk ƙauyen da ka lalace za ka samu mai gyara. Gaskiya ya faɗa, na kuma ji maganar ta shige ni. Amma ba shi da ƙarfin ja kamar namu, da lodi a hawa sai ka yi ta sauke giya, ga yankan wayoyi da za a yi har allon gaban direba ya koma rabi na aiki rabi ba ya yi. Wasu kuma suka ce a sa na fetur, 2TR mai lita 2.7, daga baya a haɗa masa tukunyar gas ɗin CNG da ake ta yayi yanzu. Kayan gyaransa kam kamar ƙasa a Kano. Sai dai aikin ba ɗora inji kaɗai ba ne: kwamfutarsa, wayoyinsa, famfon tanki, salansa, kuma sai an duba ko bakin giyabos ɗinmu zai hau. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 fetur ɗin ma ya daina zama abin da ake gudu a fake a wurinsa, ga shi ya fi shan mai idan an yi lodi. Ina tsoron gyaran gangar Auzinawa. Duk motar da na sani aka yi wa irin wannan dashen, mai ita ya zama ɗan gida a wajen mai wayarin.

Akwai dillalin da ya zo har gareji ya taya ta a yadda take. Kuɗin da ya faɗa ko maimaita maka ba zan yi ba.

Ni dai ra'ayina a gyara namu. Dalilina ɗaya ne: wannan injin mun san ciwonsa, mun gan shi da idonmu a tafin hannu. Bulok ɗinsa lafiya, bai taɓa tafasa ba, kan silinda bai lanƙwashe ba. An kai karanshaf wajen masu gurandin, wato masu goge shi da na'ura, sun auna sun ce zanen bai yi zurfi ba, idan aka rage milimita 0.25 zai goge, wato abin da suke kira 010, sai a sa metal mai kaurin da ya dace. Na roƙe su su duba min tsagewa kafin su taɓa shi, gobe zan ji. Idan ya tsage, sai mu nemi karanshaf na Beljiyam shi kaɗai, wannan aƙalla ana iya auna shi a gabanka kafin ka biya. Sandar fistan ta uku kam ta tafi, sai wata. Za a sa sabbin ringi, gasket cikakken saiti, famfon baƙin mai, da bel ɗin taimin tunda dama a kilomita 150,000 ake canza shi kuma namu ya kusa zagayowa. Tobo ma da man nan yake rayuwa, shi ma ya sha ƙishirwar, dole a buɗe shi. Sannan wankin hanyoyin mai da kular da ke sanyaya mai, don ɓarɓashi ɗaya ya maƙale a ciki an gudu ba a tsira ba. A nan ne zan kafa kujera in zauna a kansu, ko za su ce na cika naci.

Nozul huɗun kuma ba zan yarda a wanke da fetur a mayar ba. Za a kai su inda ake ɗora su a na'ura a auna feshinsu. Wadda ta gaza a canza, kuma sabuwa sai an shigar da lambobin jikinta a kwamfutar motar. Wannan kuɗin, ka lura, ko Beljiyam muka saya sai mun kashe shi, shi ya sa lissafin masu cewa Beljiyam ya fi sauƙi bai cika ba.

Aibin gyara shi ne lokaci da kaya. Zai ci mako uku ko fiye, ga kaka ta kama, kowace rana motar na tsaye lodi na wuce mu. Bayan an haɗa ma sai ta yi wajen kilomita 1,000 ba nauyi, a juye mai da filta, kafin a ɗora mata buhu. Kayan kuma, ka san kasuwarmu: kwali iri ɗaya, tambari iri ɗaya, na ciki Allah kaɗai ya sani. A nan nake son ka shigo. Idan za ka samu lokaci ka je wajen dillalan Toyota na nan, ka saya mana washar nozul da robobinsu, gasket, ringi da metal. Zan turo maka hoton lambar shasi su duba da ita. Amma kar ka sayi metal da ringi sai na tabbatar maka da awon ƙarshe, don idan suka wuce zuwa 0.50 wanda ka saya ya zama asara. Duka ba su fi cikin jakar hannu ba, kuma maƙwabcinmu mai shagon ɗinki zai taho Umara ƙarshen wata, na riga na yi masa maganar zai riƙo.

Kuɗin masarar da na kai yana hannuna, ban taɓa ba. Shi zan fara sa wa a aikin gurandin da janwe, sauran mu raba biyu kamar yadda muka saba. Idan kuma kai ka fi natsuwa da Beljiyam ɗin, faɗa min kai tsaye, ba zan ji komai ba. Sai dai mu karɓi rasit mai lambar inji mu je a gyara takardun mota, kar a tare ni a hanya lamba ta saɓa.

Ka ba ni amsa kafin Litinin, don mai garejin ya fara ƙorafin mun tare masa wuri. Ka gaida mutanen ɗakinku, musamman mutumin Gaya mai dafa muku shayi. Idan ka shiga Makka ka sa mu a addu'a.

Naka har kullum,
amininka na Kano.