Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Sanata Mitch McConnell

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa.

A Yulin 2020, da aka ajiye gawar John Lewis, ɗan Majalisar Wakilai kuma ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙaƙen fata, a zauren Majalisar Dokokin Amurka, ka miƙe ka yabe shi, muka ji daɗi. Shekara ba ta zagayo ba ka ce babu buƙatar ƙudirin kare 'yancin zaɓe da ke ɗauke da sunansa. A Nuwamban 2021 jam'iyyarka ta Republican ta hana ko buɗe muhawara a kansa a Majalisar Dattawa, 'yar jam'iyyarku Sanata Lisa Murkowski ce kaɗai ta saɓa muku.

Ba sai na ba ka tarihi ba. Da bakinka ka faɗa cewa ka halarci bikin da Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu kan Dokar 'Yancin Zaɓe a Agustan 1965. Wata biyar kafin nan 'yan sandan Alabama suka fasa wa Lewis kai a gadar Edmund Pettus da ke Selma, yana ɗan shekara 25. An kama shi fiye da sau 40. Ɗan manoman da ke noma gonar wani ne, ya kuma wakilci Atlanta shekara 33. A 2006 da ƙuri'arka aka sabunta dokar, sanatoci 98 suka amince, babu ko ɗaya da ya ƙi.

To me ya sauya? A 2013 Kotun Ƙoli, a shari'ar Shelby, ta soke ma'aunin dokar da ke nuna jihohin da dole su nemi izinin tarayya kafin su taɓa ƙa'idojin zaɓe. Ta ce ya tsufa, majalisa na iya rubuta sabo. Ranar ma Texas ta sanar za ta fara aiki da dokarta ta nuna katin shaida kafin jefa ƙuri'a. Sabon ma'aunin nan shi ne ƙudirin Lewis.

Ka ce har yanzu doka ta haramta wariya a zaɓe. Haka ne. Amma yanzu sai an cuci mutum tukuna ya nemi lauya, shari'a ta ɗauki shekaru, an yi zaɓe an rantsar. Wa zai mayar masa da ƙuri'arsa?

Ka sanar ba za ka sake takara ba, wa'adinka zai ƙare a Janairun 2027. Babu mai zaɓen da za ka ji tsoro. Don Allah, idan ma'aunin da ke cikin ƙudirin bai yi maka ba, kawo naka, ka nemo 'yan jam'iyyarka a zauna a kai kafin ka bar kujerar.

Naka,
Wani mai bibiyar lamarin